Matar da ke sa mu zazzage leda

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe tagar ɗakin magani na ƙaramin asibitinmu. Sai ta goge tebur, ta ajiye farin faranti da jan biro, ta gyara tabarau. Duk wanda ya miƙa mata takardar likita, amsarta ɗaya ce: "Ina ledar? Zazzage mini." Shekara talatin da ɗaya tana wannan magana, har sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa Anti Zazzage yake ce mata.

Ba za ta ba ka ko ƙwaya ɗaya ba sai ta ga duk abin da kake sha, na asibiti da na kemis da wanda maƙwabciya ta sam maka. Layi ya yi tsawo, mutane su yi ta tsaki. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Na taɓa ce mata, "Anti, likita ya riga ya rubuta, ke miƙo kawai." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Likita ya san abin da ya rubuta, bai san abin da ke ɗakinku ba."

Telan layinmu shaida ne. Wata uku yana busasshen tari, ya shanye kwalaben maganin tari har ya gaji. Ita ta gano maganin hawan jininsa ne ke jawo tarin, ta mayar da shi wurin likita aka sauya masa. Maganin da ke sa fitsari kuwa, rana take zanawa a jikin kwalinsa da jan bironta, don wanda bai iya karatu ba ya san na safe ne.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, mahaifiyata ce. Bugun zuciyar Umma ba ya tafiya daidai, sai likita ya ɗora ta a kan wafarin, maganin da ke tsinka jini don kada ya yi guda. Ga ciwon gwiwa ya hana ta sakat. Ni kuma, ɗa na gari, na sayo mata asfirin, ina ba ta da hannuna safe da yamma har mako uku, ina jin daɗin ta daina ɗingishi.

Ranar da muka je karɓar magani na zazzage ledar, amma na bar asfirin a aljihu. A ganina ai na gwiwa ne, ina ruwansa da zuciya? Umma na miƙa hannu, Anti ta kama shi tana duban baƙaƙen tabban da ke jiki.

"Mama, da wa kika yi dambe?"

"Haka kawai suke fitowa, 'yar nan. Dasashina ma jini yake yi in na wanke baki."

Anti ta juyo wurina. "Ledar nan ba ta cika ba. Zazzage aljihu."

Da ta ga kwalin, ta ce, "Wancan yana tsinka jini, wannan ma yana hana shi tsayawa. Ka haɗa su, jini zai iya ɓallewa a ciki ba wanda ya gani." Ta rufe tagar da layi a tsaye, ta riƙe Umma har gaban likita. Aka auna jini, likita ya ce saura ƙiris. Na jira faɗa daga Anti, amma cewa kawai ta yi, "Ƙauna ce ta sa ka saya. Gobe ka haɗa da tambaya."

Anti, ke ce mai idon da ba ya gajiya da kwali. Ke kika sha tsakinmu shekara da shekaru ba ki rama ba, ke kika hana ni zama ajalin uwata da hannuna. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku da za ku gaji tagar nan, ku tambayi leda ko da za a yi muku tsaki. Mu kuma mu riƙa kawo ta cikakkiya.

Makon jiya Anti ta yi ritaya, idanu sun fara gazawa. Ranar aikinta na ƙarshe Umma ta matsa sai na kai ta tagar, shekara shida bayan wancan tashin hankali. Ta ajiye wata leda a kan farin farantin ta ce, "Yau ke za ki zazzage." Anti ta zazzage, hoton 'yata ya faɗo, jaririya 'yar wata biyu. Umma ta ce, "Ga jikar da ba don ke ba, da ban gan ta ba."