A Bakin Koci Kowa Namiji Ne

Kocinmu bai san "ta" ba, bai san "ki" ba. A bakinsa kowa "kai" ne, kowa "shi" ne: matarsa ya je kasuwa, akuyarsa ya haihu. Tsohon malamin firamare ne, ɗan asalin tsaunukan nan, wanda yake tara yaran Dutse Uku da yamma a wani fegi mai tsakuwa a bayan makaranta. Mu 'yan Jos ko ɗaga kai ba ma yi in mun ji irin wannan Hausa. Ni kuwa ita ta daɗe tana rufa min asiri.

Ni kaɗai ce mace a filin. Nakan saka tsohon wandon yayana, in ja hular sanyi in rufe kitsona, kuma wa zai tuhumi mai hular sanyi a garin nan? Mama ta sani, amma kullum sai ta miƙo min bokitin markaɗe kamar aike zan je, ta kau da kai. Ba yabon kai ba, na iya ƙwallo. Ina yanke ƙattin da suka girme ni, su tashi suna kaɗe wando suna zagi. Burina ɗaya ne a duniya, in buga a babban fili, a kira lambata a lasifika.

Baba tela ne a Kwararafa, kuma wurinsa Koci yake kai rigunanmu a ɗinka musu lamba. Duk zuwa sai ya ce masa, oga tela, yaronka ya iya ƙwallo fa, jiya ma ya ci. To Baba ɗansa namiji ɗaya ne, wato yayana, wanda tun da ya shiga ƙungiyar, benci yake ɗumamawa. Rannan sai ga Baba da takalmin ƙwallo na gwanjo daga Titin Bauchi, ya miƙa wa yayana yana shi masa albarka. Shi kuma marar kunyar ya sa hannu biyu ya karɓa, ko kallona bai yi ba. Na shiga bayan gida na yi kukan baƙin ciki, don takalmina ne, kuma ba ni da bakin faɗa.

Wata Asabar muna wasa da yaran wata unguwa, ashe Baba ya rufe shago ya zo ganin gwarzon ɗansa. Ban gan shi ba sai da na jefa ƙwallo a raga, na ruga gefen fili ina tsalle, hula a hannu. Ga shi tsaye, tef ɗin awo a wuya. Ya dube ni, ya dubi yayana a benci da takalmi fes ko ƙura babu, ya juya ya tafi.

Wallahi da ya dake ni da ya fi min sauƙi. Bai ko yi min magana ba. Mama ya gaya wa, ina ji, cewa kada in sake taka filin nan, na girma, kuma ba za a riƙa nuna shi da baki a masallaci ba. Washegari Koci ya zo roƙo, na laɓe a bayan ƙofar zaure. Ya yi bayani cewa akwai ƙungiyoyin 'yan mata, suna ɗauka, har karatu suna sa mutum.

"Ka bar shi ya buga, oga. Allah ne ya ba shi ƙafa," in ji Koci.

Baba ya ce, "Koci, ba shi ba ne, ita ce. Da shi ne, da ni zan kai maka shi da kaina."

Yayana ya ci gaba da zuwa. In ya dawo na tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce min an ci, ko an ci mu, shi ke nan. Kai, wannan abu yana ƙona min rai. Wa ya ba da ƙwallon? Ta wane gefe? Ina gola yake? Bai sani ba, alhali a gabansa aka yi. Sai na koma hawa dutsen bayan gidanmu, inda ake hango filin, in sauko in zayyana wa Mama wasan tana tuƙa tuwo. Ba ta san gola daga alƙalin wasa ba, amma matan gidan suka fara barin aikinsu suna matsowa, suna cewa wannan yarinya bakinta kamar rediyo.

A sakandare na shiga kulob ɗin 'yan jarida, na ƙwace labarin wasanni daga hannun maza, ina karantawa a asambili. Baba bai hana ba, tunda magana ce, ba gudu ba. Da na ce aikin jarida zan karanta, shi ya raka ni har ƙofar jami'a. Yanzu in shirina ya zo a rediyo, ƙure murya yake a shago. Ina son aikina, ina son Baba, kuma har yau ina jin haushinsa. Duka ukun gaskiya ne.

Lokacin da nake koyon aiki aka tura ni ɗauko rahoton wasan 'yan mata a babban fili. Ina tsaye a bakin layi da dogon hijabi da rakoda a hannu, sai ƙwallo ta fita, ta gangaro a hankali ta tsaya daidai ƙafata ta dama. Wata 'yar siririya mai lamba a baya ta taho tana haki, ta ce, "Anti, bugo mana." Na dubi ƙwallon, na ji duk filin ni yake kallo, ƙafar kuma ta ƙi ɗaguwa. Sai na sunkuya na ɗauka da hannu na miƙa mata.