Sista Dinatu, Wadda Ta Hana Ni Sa wa Matata Hannu

Ƙarfe bakwai saura kwata Sista Dinatu Felix take sauka daga keke napep a ƙofar asibiti. Daga Sabon Gari take tasowa zuwa Samaru, shekara talatin da biyar ke nan. Ba ta karɓar aiki a kan tebur, gado-gado take bi tana kiran kowace majinyaciya da sunanta. Kafin ta taɓa mace sai ta ja labule, ta faɗa mata abin da za ta yi. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Za a ba ta agogon bango, waɗanda ba su taɓa zuwa aiki a kan lokaci ba kuma, su yi jawabi.

Rhoda mai sharar ɗakin mata ta ga ranar da wani babban mutum ya zo neman sakamakon gwajin yarinyar da ɗansa zai aura. Sista ta gaishe shi da ladabi, ta ce sakamako na mai jinin ne. Abokan aikinta kuma sun shaida cewa ta taɓa kuskuren awon magani, ta kai rahoton kanta kafin kowa ya lura.

Nawa labarin bai kai waɗannan daɗi ba.

Shekara tara da suka wuce aka gano ciwon daji a hanjin matata, Raudatu. Ni likita ya kira ofis ya faɗa wa, kamar yadda aka saba a ƙasar nan: mai ciwo ce ta ƙarshen ji. Ni da yayanta Uba muka yanke cewa ba za a gaya mata ba, muka ce mata ɗan ƙari ne za a cire. Da aka kawo takardar amincewa da tiyata na ciro biro. Sista ta dafe takardar.

"Malam, ba kai za a yanka ba."

Na tuna mata cewa ni ne mijin.

"Na sani, Malam. Amma tana cikin hayyacinta, kuma ba yarinya ba ce. Ita za ta sa hannu, bayan ta san abin da take sa wa hannu."

Ba ta faɗi sunan ciwon da bakinta ba. Ta tambayi Raudatu ko tana son jin komai ko a bar wa mijinta. Raudatu ta ce a kira likita, ta ƙara da cewa, "Sati biyu nake karanta abin a fuskarsa, Sista. Malam bai iya ƙarya ba, littafi kawai ya iya."

Likita ya ce tiyatar ba za ta warkar ba, wataƙila ta ƙara wata shida. Raudatu ta ce ta gode, a mayar da ita gida Hanwa. Sati goma sha ɗaya ta yi, Allah Ya yi mata rasuwa.

Har yau ban yarda ta zaɓi daidai ba. Wata shida ba abin yarwa ba ne. Amma a kwanakin nan ta nemi gafarar waɗanda ta ga dama, ta bar wa 'ya'yanta wasiyya da bakinta, ta gaya mini wasu gaskiya game da halina da babu littafin da ya taɓa gaya mini. Da na sa hannun nan, da ta farka ta tarar an yanke hukunci a kan cikinta ba da saninta ba.

A lokacin ban ga haka ba. Na rubuta ƙorafi shafi uku ga hukumar asibiti, da Turanci mai kyau, na ce Sista ta shiga tsakanin miji da mata, ta karya wa mara lafiya zuciya. Aka kafa kwamiti. Ba a same ta da laifi ba, amma aka ɗauke ta daga ɗakin mata shekara guda, ƙarin girmanta ya maƙale shekara uku. Duk da haka ta zo ta'aziyya, ta yafa mayafi, ta zauna cikin mata. Ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Sista Dinatu, ke ce dutsen da na yi karo da shi. Ke kaɗai a ginin nan kika ɗauki matata a matsayin mai hankali, a ranar da ni mijinta na manta. Na gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki hutu mai lafiya.

Ku matasan ma'aikatan jinya, za ku gamu da irina, masu ɗaga murya da dogon Turanci. Ku gaishe mu da ladabi, sannan ku juya ku tambayi wadda take kwance.

Ƙorafin nan kuma na janye shi yau a gaban jama'a. Na san ya riga ya gama ɓarnarsa.