Rakiyar Mordecai

Shekara shida Mordecai ya yi yana aiki da injin ɗaukar hoton cikin jiki a wani asibitin kuɗi da ke Sabon Gari, bai taɓa gaya wa majinyaci abin da ya gani ba. Da wannan yake taƙama. A cocinsu na Basawa "Likita" ake ce masa, kullum sai ya gyara musu, ya ce shi mai hoto ne. Nasa shi ne ya tambaye ka ko ka ci abinci, ya sa ka cire sarƙa da makullai, in mace ce ya tambayi batun ciki, ya kwantar da kai a bakin injin, ya ce ka riƙe numfashi. Karanta hoton kuwa na Dakta Omolara ne, wadda ofishinta ke can ƙarshen baranda. Ko kukan jini za ka yi, amsarsa ɗaya ce: "Dakta za ta yi bayani."

Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Wasu ko kallon kirki bai yi musu ba, su fita suna murna. Wasu kuma ya mutunta su, ya raka su har bakin ƙofa, sai su fashe da kuka. Ya zargi fuskarsa, har a gaban madubi ya riƙa koyon ɗaure ta, amma abin bai sake zani ba.

A shekarar 2007 Clementina, nas ɗin da ke taya shi, ta gaji ta fasa ƙwai.

"Wai kai ba ka sani ba? Har 'yan acaɓan bakin get sun sani. In hoto ya yi kyau, daga kan kujera kake cewa a sauka lafiya. In ka ga abu, sai ka miƙe ka yi rakiya."

Ashe shekara shida yana kulle baki, ƙafafunsa na yawo da zancen!

Ya ce to, daga yau kowa zai raka. Sati bai zagayo ba wani malamin firamare daga Dogarawa, mai lafiya garau, ya tara 'ya'yansa yana wasiyya. Mordecai ya koma ba ya raka kowa. Sai wata mata mai ƙari a ciki ta ga bai motsa ba, ta yi godiya, ta tafi, ba ta dawo karɓar sakamako ba. Wata biyu yana cigiyarta bai same ta ba, kuma abin ya tsaya masa a rai. Tun daga nan in majinyaci ya sauko daga gadon, sai ka ga Mordecai ya yi rabin miƙewa, hannu a kan tebur, bai tashi ba bai zauna ba.

Ana cikin haka Kawu Yunana ya zo daga ƙauye da ciwon kan da ya ƙi jin magani. Shi ne ya riƙe Mordecai tun yana ɗan shekara bakwai. Tun kafin ya kwanta ya ce, "Ka yi sauri, ɗana, dawa na jira na a gona. In ba komai, motar yamma zan bi."

Hoton ya fito a allo. Mordecai ba likita ba ne, amma ya sha ganin irin wannan tabon, ya kuma san ba ya jiran a gama girbi. In ya zauna, tsoho zai bi motar yamma. In ya yi magana, ya karya dokar aikinsa. Tsoro ya kama shi, ya miƙe, ya ɗauko wa tsohon hularsa.

A bakin ƙofa Kawu Yunana ya tsaya yana dubansa.

"Masu babur sun ce min yanzu ba a gane maka. To wannan rakiyar ta kawu ce, ko ta aiki?"

"Dakta za ta yi bayani, Kawu."

 Bai taɓa wuce wannan ƙofar da majinyaci ba, amma ranar ya kama hannun tsohon, suka bi baranda, suka wuce hanyar fita, har ƙofar Dakta Omolara.

Kawu Yunana ya waiwaya ya dubi nisan da suka yi. Ya cire hular da bai daɗe da sawa ba.

"Ka aika gida," ya ce, "su yanke dawar, kar su jira ni."