Kwalin da Ke Ɗiga

A kan tumatir suka taɓa yin faɗa. Goggo Ashatu, mai kayan miya a Ƙofar Atiku, ta daka wa wata mata tsawa: "Ke baiwar Allah, in ba ki saye, bar lallatsa min kaya!" Matar ta janye hannunta ta wuce.

Har yau Goggo ba ta san sunanta ba. Sai kasuwa ta fara watsewa matar take zuwa, hijabi a goge, takalmi ya sha ɗinki. Tana rungume da kwali mai tambari, irin wanda 'yan babur ke kai wa matan manya har gida, da nama da kayan miya a yanke. Nata fanko ne. Takan waiga, ta tsuguna bayan rumfa, ta tsince ruɓaɓɓen tumatir ta jera a ciki, sannan ta miƙe da tafiyar masu hali. Goggo ta gane: gida ne da ya saba da wadata, yara na jira, maƙwabta na leƙe.

Yau kwalin ya jiƙe, jan ruwa na bin hijabin. Goggo ta miƙa mata leda, idonta na kan tirenta.

"Shimfiɗa wagga a ciki, ɗiyata. Kwalin masu kuɗi ba shi ɗiga."