Baba Nababa, Mai Shelar Gidan Ɗorawa

Waɗanda suka tashi a Gidan Ɗorawa, arewa da Minjibir, ba za su manta da muryar Baba Nababa ba. Ana idar da sallar asuba zai hau tsohon kekensa, lasifika rataye a kafaɗa, ya ratsa gonakin gero, yana tsayawa ƙofa-ƙofa. "Jama'a, salamu alaikum! Mai gari yana gaishe ku!" Sai ka ji mata sun dakatar da daka.

Da aka kawo shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi, a firamare ake rabon, ranar Talata. Awon yara kuwa Alhamis ne, a ɗakin shan magani da ke bayan gari. Nababa ne ke shelar duka biyun, shi ya sa ya fara lura: Talata cikar kwari, Alhamis kuwa Malama Safara'u, ma'aikaciyar lafiya, sai ta wuni ita da ma'auninta.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya je gaban mai gari ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, magidanci ba ya barin matarsa ta fita sau biyu a mako, ga damina. A haɗa su rana ɗaya mana."

Da maganar ta kai ga jami'an rabon, suka ce ba tsarinsu ba ne. Nababa ya yi ta sintiri har sakatariyar ƙaramar hukuma, sai da suka amince Malama ta shimfiɗa tabarmarta a inuwar darbejiyar makarantar.

Hure, matar Usaini, har gobe tana ba da labarin 'yarta Aina'u. Ƙafafun yarinyar sun kumbura, gashinta ya yi ja, uban ya ce ƙiba ce, shi zai je ya karɓo tallafin. Nababa ya jingine kekensa a zauren.

"Usaini, tare da mahaifinka muka yi kiwo. Na binne ɗana da irin wannan kumburin, ina cewa ƙiba ce. Ba zan bar ƙofar nan ba sai Hure ta goyo yarinyar."

Usaini ya leƙa ciki ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Da Malama ta auna ta, ashe tamowa ce, ta riga ta yi nisa. A ranar aka wuce da ita asibiti. Da suka dawo, Malama ta koya wa Hure haɗa garin gero da gyaɗa da waken suya. Yau Aina'u ce ke jan baƙi a ajinsu na Islamiyya.

Bana muryar Baba ta dushe, gwiwa ma ta ƙi keke. Ya miƙa wa jikansa Tahir lasifikar. Tahir yana ƙoƙari, amma tsofaffin mata sun ce har yanzu kunnensu na neman wancan amon.

Baba, kai ne ka ga rata tsakanin ofis biyu, ka cike ta da ƙafarka. Ba a taɓa kiran sunanka a wajen taro ba, alhali kai kake tara taron. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna.

Mu kuma sauran jama'a, kowa yana da maƙwabci. In ka ga yaronsa yana ramewa, daure ka yi sallama a ƙofarsa.