Hayaƙin Yaya Ƙasimu

Yayana Ƙasimu irin mutanen nan ne da ko a Sin aka yi ɓarna sai sun duba hannunsu. A Ƙuba, wata unguwa a Madina, aka haife mu, kakanmu ne ya tako daga Kano ya zo hajji bai koma ba. Tun Ƙasimu na saurayi yake aiki a gonar dabino guda, har furfura ta cim masa a kan bishiya. Ya hau, ya sauke nunannu, ya sare busassun rassa, in an gama ɗiba ya tara su ya cinna wuta. Duk unguwa an san hayaƙinsa.

Kamfanin da ke da gonar yana aika dabinon ajwa Turai ta jirgin ruwa. Bara mudirinsu, wato manaja, Umair, ya tara ma'aikata ya ce kuɗin jigila ya tashi. Wai yanzu a can mai fitar da hayaƙi sai ya sayi izini, izinin kuma haja ce, farashinta na hawa na sauka. Dole a rage mutane.

Yaya bai ji komai ba sai hayaƙi. Wa ke hayaƙi a kamfanin in ba shi ba? Ya dawo gida ya daina cin abin kirki, ya daina ƙona rassa, ya dinga jibge su bayan katanga har ɓeraye suka yi gari. Matarsa Ƙaltume ce ta kira ni, ta ce, "Tasallah, zo ki ga yayanki, ya ce shi za a fara kora."

Raina ya ɓaci, wallahi. Mutum ya tsufa a gona, a ce tsoro zai kashe shi bai ko tambaya ba? Na sa abayata na tasa shi gaba har ofis.

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ustaz Umair, wutar nan tawa ce. Na daina."

Umair ya taso ya riƙe hannunsa. "Ya ammi, baffana, hayaƙin jirgi ake nufi, ba naka ba. Masu jirgin ne ke sayen izini, su ɗora mana."

Ya ce sun rage aikawa Turai, za su fi sayar wa alhazai a nan. Gona tana nan, aikin Yaya na nan. Amma yara biyu 'yan Nijar da ke cika kwali an sallame su, kuma wannan ya tsaya wa Yaya a rai, daga baya har tasha ya raka su.

Da za mu fita daga ofis Yaya ya waiwaya, a hankali ya ce, "To nawa hayaƙin fa?"

"Naka ba a sa masa kuɗi ba tukuna."

Ran nan ya cinye kwanon shinkafa tas, ya nemi ƙari. Bayan la'asar na leƙa ta taga, na hango shi tsugune bayan katanga da ashana a hannu, yana zarar rassan kaɗan-kaɗan.