Wayar Da Ta Haura Katangar Masallaci

Abubuwa da yawa sun kwanta mini yanzu da furfura ta fara leƙo gemuna, amma la'asar ɗin da na tsaya tsakanin ogana da mutanen wani masallaci a Nassarawa GRA tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Kano ba, gari kuma bai gama hucewa daga rigingimun da aka sha ba. Kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Ni ɗalibin lantarki ne, makaranta ta ce kowa ya je ya nemo inda zai koyi aiki a aikace. 'Yan ajinmu suka yi Dakata, masana'antu. Ni da shegen son kiɗa na bi ta hannun wani maƙwabcinmu a Kawaji, ya haɗa ni da wani mutumin Zariya, Kirista, mai kayan sauti da fitilun dandamali. Oga muke ce masa.

Tun ranar farko jininmu bai haɗu ba. Ya dubi gemuna, ya dubi wandona da bai rufe idon sawu ba, ya ce, "Ustaz, ka tabbata nan aka turo ka?" Sunan da ya liƙa mini ke nan har na bar wurinsa. Ni kuma Allah ya yi ni da tambaya. Ƙarfe nawa za a tashi? Wa zai yi waƙa? Mata za su hau dandamali? Duk tambayar da na yi sai ya sha toka ya ce in je in naɗe waya. Na naɗe waya har tafin hannuna ya yi kanta. Mikisa kuwa, na'urar da ake haɗa sauti a kanta, wadda don ita na zo, ko ƙurar kanta bai yarda in goge ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata mutumin nan ƙina yake yi don addinina.

Ana haka ya samu babban aiki, bikin kiɗan gargajiya a lambun wani otal a GRA. Masu kalangu, masu kukuma, masu gurmi, har da waɗanda suka zo daga Nijar. Da ƙyar masu bikin suka samu izini, shi ma da sharuɗɗa: maza gefe, mata gefe, kuma da an kira salla a tsayar da komai.

Ana gobe biki na hau tsani ina ɗaura fitilu a jikin wata darbejiya da ke kusa da katanga. Daga can sama na hango wata siririyar baƙar waya ta bi ta bayan furanni, ta haura katangar. Na bi ta da ido. A ƙarshenta ƙaramin makirufo ne, an ɗaure shi cikin ganye yadda ba mai gani, bakinsa yana kallon wani ɗan masallaci da ke bayan otal ɗin. Irin masallatan nan ne na GRA, na kwano, wanda masu gadi da direbobi da masu ban ruwan fulawa suke salla a ciki.

Na sauko na nufi Oga. "Oga, waccan wayar ta mece ce?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ba ruwanka da ita, Ustaz. Kuma kar ka kuskura ka taɓa."

Tabɗijam! Kirista, da makirufo a ɓoye, a kan masallaci, a irin wannan lokacin? Na ƙulla wannan na kwance waccan. Hudubar liman yake naɗa? Wa zai kai wa? Wa ya saka shi? Sau da yawa na yi niyyar in gaya wa yayana, sai in tuna in magana ta fita ba ni da ikon dawo da ita, kuma na san abin da irin wannan magana take jawowa a garin nan. Na yi shiru, amma na ƙudurta zan sa masa ido.

Ranar biki lambu ya cika maƙil. Rana ta karkata, masu kalangu sun ɗauki zafi, mata suna ta guɗa daga gefensu. Oga yana kan mikisa da hedifon a kunne, ni ina tsaye a bayansa ina harararsa. Kawai sai na ga ya zabura ya fizge hedifon ɗin kamar an zuba masa ruwan zafi a kunne. Ya juya yana kallon katanga, fuskarsa ta yi fari fat.

Ashe wani mai sassabe ne ya ga makirufon. Kafin ka ce me, ga mutanen masallaci sun shigo ta ƙaramar ƙofa, suna bin wayar suna naɗe ta, har ta kawo su gaban teburinmu. Wani direba ƙato yana riƙe da makirufon, wasu da sanduna. A gabansu wani dattijo ne mai gadi, shi ne ladaninsu. Kiɗa bai tsaya ba, jama'a ba su ma san abin da ake ciki ba.

Direban ya ci kwalar Oga. "Kai ne kake leƙen asirinmu? Yau sai ka faɗi wanda ya aiko ka!" Wani daga baya ya ce a cinna wa kayan wuta. Na ga gumi yana bin wuyan Oga, kuma wallahi a lokacin na san in aka kai masa duka ɗaya, ba mai iya tsayar da na biyu.

Sai dattijon ya juyo gare ni. Ya dubi gemun nan nawa. "Ɗana, kai Musulmi ne, kuma tare kuke. Tsakaninka da Allah, me mutumin nan yake yi da muryarmu?"

In na faɗi abin da ke zuciyata tun jiya, na kashe shi. In na ce na san ba komai, na yi ƙarya da sunan Allah.

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Ni ma jiya na gani, kuma ni ma ban yarda da shi ba. Amma ku ba ni dama in duba. Waya ba ta ɓoye inda ta nufa."

Ranar na fara taɓa mikisar Oga. Na durƙusa na bi wayar da hannu har ramin da ta shiga, na duba inda sautinta yake fita. Ba ya zuwa lasifika. Ba ya zuwa rikoda, rikodar ma ko kaset babu a cikinta, na buɗe na nuna musu. Hanya ɗaya kawai aka ba shi, hedifon ɗin Oga. Na miƙe na ce, "Ba a naɗar komai, wannan zan iya rantsewa a kai. Kunnensa kaɗai yake zuwa."

"To me yake saurare?" in ji direban.

Sai a lokacin muryar Oga ta fito. "Kiran salla, Baba. In ina nan ba na jin komai sai ganga. Ku kuma in an ɗauke wuta da baki kuke kira, kuma kowane masallaci da lokacinsa. An taɓa kira ina kan aiki ban ji ba, kiɗa ya bi ta kansa, da ƙyar na fita da raina. Na rantse ba zan sake ba."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce wa direban, "Sake shi. Mayar da abin nan inda ka ciro shi." Ya juya ya fita, suka bi shi, wasu suna ƙunƙuni.

Oga ya mayar da hedifon, rigarsa a yage. Ba a jima ba ya ja sautin ƙasa gaba ɗaya, ya ɗaga wa makaɗa hannu. Kalangu ya mutu a tsakiyar waƙa. Sai ga muryar tsohon nan ta tsallako katanga, siririya, ba lasifika, duk lambun yana jin ta. Na ji hawaye ya taho mini, kuma ban ɓoye ba.

Da na dawo daga salla na same shi zaune a kan akwatin fitila. Haushi ya taso mini. Na ce, "Haba Oga! Ina nan tsaye da kunnuwana biyu, me ya hana ka ce in riƙa saurara maka? Me ya hana ka je ka yi musu sallama?"

Ya ce, "In shiga masallaci da makirufo, ni? A Kanon yanzu?" Ya sunkuyar da kai. "Kai kuma, Ustaz, da tambayoyin nan naka, na ɗauka turo ka aka yi ka samo abin da za a rufe ni."

Na ce, "Ni ma na ɗauka kai aka turo." Ba wanda ya yi dariya a cikinmu.

Yau ina da kayan sautina, kuma duk inda aka kira ni aiki ba na sauke ko lasifika ɗaya sai na je na gaida mutanen masallacin da ke kusa, ko cocin, na faɗa musu abin da ya kawo ni. Abin da na koya ranar shi ne, alheri ma in aka yi shi a ɓoye saboda tsoro, kamar sharri yake fitowa. Mutumin nan girmama sallarmu yake yi, kuma saura kaɗan mu kashe shi a kan haka, har da ni da nake cin abinci a hannunsa.